Jikata Ta Kira Yayar Mijina Ƙawa

Bi Shemsa, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Sai da na ga Bi Mwanajuma, yayar marigayi mijina, ta janye hannunta ta cusa cikin zane, sannan na gane ɓarnar da aka yi. Ranar sadakar arba'in ɗin ɗana Kombo ce, mata sun cika tabarmi, sai jikata Zuwena ta faɗo ɗaki ba ko hodi, sallamarmu ta bakin ƙofa, ta ɗaga wa tsohuwa mai shekara tamanin hannu, ta ce, "Jambo, rafiki!" Wai ƙawa! Har mai zuba gahawa ta tsaya da buta a hannu.

Kombo aikin jirgin ruwa ya kai shi Holan, ya auri Baturiya, can ya rasu, can aka binne shi. Ban ga gawarsa ba. Yarinyar nan ce kaɗai ta rage mini. Shekararta sha tara, ita kaɗai ta taso har garinmu Pangani neman dangin ubanta. Goshinta nasa ne, har yadda take tsince albasa daga cikin shinkafa.

Ba ta jin Swahili. Wata takarda ta zo da ita, irin ta masu yawon buɗe ido. Na duba da idona. Akwai asante ta godiya, akwai "nawa ne?", akwai "ina banɗaki?", har da sunan zaki da raƙumin dawa. Raƙumin dawa, Bi Shemsa, a gidan makoki! Amma shikamoo, gaisuwar da ko ɗan yaye ya san ana rusunawa a yi wa babba, babu ita. Wanda ya rubuta abin nan ba shi da kaka ne?

Bi Mwanajuma ta dube ni ta ce, "Matar ƙanena, baƙuwar otal kika kawo mana? Nuna mata bakin teku, can 'yan'uwanta suke shanya jiki." Ta rantse yarinyar ba za ta taka gidan gado ba. A can kuwa ɗakin da na haifi Kombo yake, kuma shi kaɗai Zuwena take roƙon ta gani, kullum tana nuna mini tsohon hoton ɗakin. Dangi duk sun bi bayan tsohuwa.

Ina jin haushin tsohuwar, ina jin haushin takardar, wallahi har Kombo nake jin haushi, Allah ya yafe mini. Shekara sha tara ya kasa koya wa 'yarsa gaisuwa? Ita kuwa baiwar Allah ba ta san ta yi laifi ba. Kowace safiya sai ta kawo mini shayi ta ce jambo, ni kuma in amsa, don idan ta buɗe baki Kombo nake ji. Saura kwana shida ta koma.

Kaka mai takaici, Pangani

Sannu 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Kombo, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Ki bar takarda ta huta. An yi ta ne don baƙon kwana uku mai neman hanya da abinci, kuma ta yi aikinta, tunda ta kawo yarinyar har ƙofarki. Bi Mwanajuma ta tsananta, amma ba ƙarya ta yi ba: an kira ta ƙawa a gaban matan da ta yi wa wankan jego, a ranar da ita ma take kukan ɗan ƙaninta.

Yanzu ke. Kwana nawa yarinyar tana ce miki jambo kina amsawa? Dole ta ɗauka daidai take yi. Na gane dalilinki, amma tausayin nan shi ya kai ta ga jin kunya.

Kalma uku kawai take bukata. Hodi a bakin ƙofa, ta tsaya sai an ce karibu, wato ta shigo. Shikamoo, ta rusuna, ta karɓi hannu da hannu biyu. Sai samahani, a yafe mata. Ba sai kin iya yarenta ba. Ki kai ta wurin maƙwabciyar da ta girme ki, ki yi a gabanta, ta kwaikwaya har bakinta ya saba. Wadda ta ƙetare teku ita kaɗai ba za ta kasa rusunawa ba.

Kafin nan ki je wurin tsohuwa ke kaɗai, lokacin da gidan ba jama'a. Kada ki kare kowa. Ki ce, "Yaya, laifina ne, ni ban koya mata ba." Washegari ki ɗaura wa Zuwena zane, ki rufe mata kai, ku tafi tare. In ta amsa shikamoo ɗin da marahaba, magana ta ƙare. In ta kau da kai, ku koma jibi.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ta ga ɗakin ubanta. Amma ki fara yau, don har yanzu ba wanda ya zaunar da yarinyar nan ya nuna mata yadda ake gaida babba.

Bi Shemsa