Ba Ta Taɓa Jiran Kowa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Yaya: ba don son magana na shiga ƙungiyar muhawarar makaranta ba. Don Mai Tabarau ne, wani ɗan ajinmu. Ni da ko gaisuwa sai na yi ta maimaitawa a zuci kafin ta fito.

Laraba, 5 ga Maris

Malama ta raba mu. Batu: ƙirƙirarriyar basira ta kusa kamo hankalin ɗan Adam. Shi zai ce eh, ni in ce a'a. Ni! A gaban aji!

Alhamis, 6 ga Maris

Na ari wayar Yaya wai zan yi bincike. Sai ga ni ina roƙon manhajar hirar nan mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta mini wasiƙa zuwa gare shi. Wallahi ta fi littattafan da ke ƙarƙashin katifata iya zance. Amma wai "murmushinka mai fararen haƙora a jere." Shi da haƙorinsa na gaba ya gutsire, in zai yi dariya sai ya kare baki da littafi! Na gaya mata, ta ba ni haƙuri, ta gyara. Na kwafe a takarda.

Asabar, 8 ga Maris

Na buɗe sabuwar hira, na sake roƙon wasiƙa. Fararen haƙoran sun dawo. Ta manta ni, ta manta shi.

Yaya ta leƙo: "Wannan binciken naki da murmushi ake yin sa?" Kamar in nutse.

Talata, 11 ga Maris

NA YI NASARA!

Ya jero hujjojinsa: wai basirar tana cin jarrabawa, tana fassara, tana waƙa. Sai na miƙe. Na ce ta haɗiye rubutun duniya, amma ba ta taɓa kallon mutum ta gane abin da yake ɓoyewa ba. Abin da ka koya mata yau, gobe babu. In ba ta sani ba ma, sai ta ƙaga ko kunya babu. Na ce, "Ta san kalmar jira, amma ba ta taɓa jiran kowa a bakin ƙofa ba."

Aji ya kaure da tafi. Malama ta ce, "Ashe kina da baki!"

Shi kuwa dariya ya yi. Ya manta bai ɗaga littafin ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na yaga wasiƙar da manhajar ta rubuta. Na rubuta tawa, gajeriya, duk goge-goge, har da haƙorin a ciki. Ba ta kai waccan daɗi ba, amma ta san shi. Gobe in an tashi, hannu da hannu zan ba shi. Ba sai na maimaita a zuci ba... to, sau ɗaya dai.