Kogin da Baba Ya Zo Gani

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka lafiya ke da Baba. Tunda likita ya ce ganinsa kullum raguwa yake, kada ki wahalar da shi a layi kafin ya hau doguwar hasumiyar nan ya ga kogin da yake ta mafarki. Na bincika: mutane da yamma suke cika wurin. Ku je da sassafe, ana buɗe ƙofa. Ki bi abin da na ce, ban da gardamarki da kika saba.

Yayanki.

Yaya,

Bayan gaisuwa, na bi maganarka, ga abin da ta jawo. Mun je da sassafe, ba kowa sai mai shara, har ina yaba maka a zuci. Da muka hau, gajimare ya sauko ya rufe ko'ina, fari fat, ko rufin gida ba a gani. Ashe mutanen yamma ba wawaye ba ne, sun san lokacin da gari yake washewa.

Baba ya kama ƙarfen taga. Sai ya nuna gefen tashar mota ya ce, "Masha Allah, Auta, dubi kogi." Ya ɗauka idonsa ne ya ƙarasa, yana ɓoye min. Na ce, "Baba, gajimare ne, ni ma ba na gani." Ya ce, "Allah ya yi miki albarka," irin yadda ake ce wa mai lallashi. Tun da muka dawo masauki bai ci abinci ba. Raina ya ɓaci da kai, na fi jin haushin kaina. Jibi za mu taho.

Ƙanwarka.

Auta,

Ina gaisuwa. Ban san da gajimare ba, ki yi haƙuri. Akwai wata ƙofar baya da aka ce ba a layi, ki gwada ta.

Yayanki.

Yaya,

Gaisuwa. Ka riƙe ƙofarka. Na aro wa Baba kujera, mun bi layin yamma tun daga bakin titi, ƙafata har ta kumbura. A sama Baba ya ɗaga yatsa kawai. Wannan karon inda kogin yake ya nuna.

Ka huta lafiya.

Auta.