Linka Ta Ce Ba Ta San Ki Ba

Zuwa ga Fadila, sanyin randar gidanmu, inuwar kukar hanyar Baure, ruwan farko mai sa ƙasar Daura ƙamshi!

Gaisuwa mai yawa. In kin tambayi lafiyata, jikina lau, kwamfutata ce ke jinya, ke ce kuma sanadi.

Kin tuna ranar da kika miƙo mini faifan filofi, wancan ɗan faifan ajiyar bayanan kwamfuta, a zaurenku, Iya na zaune tsakaninmu da carbi, ta fi 'yan hisba sa ido? Wasu samarin turare ake ba su, wasu hula. Ni laburare na samu, wato tarin ƙananan ayyukan kwamfuta a yaren asambili, wanda kika rubuta da hannunki don ya kunna fitilun allon lokutan salla da na yi wa wani masallaci a Mai'adua alkawari. Haka na rungumo shi har gida kamar jariri.

Na rubuta nawa ɓangaren da yaren C. Kwamfaila, mai fassara wa na'ura rubutun, ta karɓa ba gardama. Sai aka zo kan linka, wadda aikinta shi ne ta ɗinke nawa da naki su zama abu guda. Wayyo ni! Duk aikinki da na kira, sai ta ce ba ta san inda yake ba. Ke fa, hasken idona, wai ke ce ba a sani ba! Na zargi faifan, na zargi masu ɗauke wuta, na zargi Austin da ya sayar mini da na'urar. Har ke na zarga, na ce ko kulle ayyukan kika yi kada na waje ya gan su. Na buɗe na duba, komai naki a bayyane yake.

Ashe ladabina ne ya kashe ni. A layin umarni laburarenki na sa a gaba, fayil ɗina a baya, don wane ni in shiga gabanki? Ita kuwa linka daga hagu take bi zuwa dama. In ta iso laburare alhali ba wanda ya riga ya ce yana bukatarsa, wucewa take yi ba ta ɗauki komai ba. Sai da na tura nawa gaba, ya fito fili ya faɗi abin da yake so, sannan ta ɗauko naki. Fitilu suka kama.

Na tuntsire da dariya, sai kuma na tuna wani labari, dariyar ta ƙare. Na ji Kabiru, dillalin shanun nan na garin Babban Mutum, ya turo manyansa wajen Babanki neman aurenki, an ce su dawo bayan Salla sai an ji ta bakinki. Kabirun da bai san inda ake kunna kwamfuta ba! Amma ya buɗe baki ya nema. Ni mai ilimi na ɗora ki a gaban komai cikin zuciyata, na yi gum, ina jira a gane. Wa zai ba mutum abin da bai tambaya ba? Tsoro nake ji, Fadila, tsoro na gaske.

To, na gyara jeri. Baffana Kalilu zai zo gidanku ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ya faɗi bukatata da babbar murya. Abu ɗaya nake roƙo: in Baba ya kira sunana a gabanki, kada ki ce ba ki san inda nake ba. Na sha jin wannan amsar daga na'ura, daga bakinki kuwa ba zan iya ɗauka ba.

Naki, muddin ana kiran salla a Daura, ko da wuta ko babu,

Nu'uman