Ƙarnin Kifi a Lamba Sha Huɗu

Juma'a, 7 ga Maris

Ƙarni a ɗakin tuƙin Lamba Sha Huɗu, jirgin ƙasan da nake ja, tun daga Trenton har Philadelphia. Duk direban jirgin lantarki ya san robar waya in ta fara dahuwa ƙarnin kifi take yi. Na gaya wa Stashek, shugaban gareji. Ko kai bai ɗago ba. Wai, "Loretta, azumin Ista ake, yau Juma'a, garin nan kaf kifi ake ci. Je ki shinshina kwandastanki." Har da dariya! Injin da ya girmi 'yata, wanda rabin cikinsa daga gawar wani injin aka ciro.

Litinin, 10 ga Maris

Ƙarnin ya ƙaru. Uban wa ke cin kifi ran Litinin?

Laraba, 12 ga Maris

Na ƙi hawa Lamba Sha Huɗu. Na ce a buɗe bayanta a duba, ko a nemi wani direban. Stashek ya ce, "Mun duba, lafiyarta lau. Hancinki ne ke son gyara." Sun dakatar da ni mako biyu. Na fito ina huci, amma wallahi da daɗi a raina, na nuna musu ni ba ta wasa ba ce.

Curtis aka ba tuƙinta. Shi ya koya mini tuƙi, a Yuni zai yi ritaya. Ya tare ni a bakin ƙofa: "Yarinya, kwantar da hankalinki. Ni taba ta kashe mini hanci tuntuni, kifi da turare duk ɗaya." Na yi dariya. Dariya fa na yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Lamba Sha Huɗu ta kama da wuta kafin Bristol. Fasinjoji duk sun fita. Sai da hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi sannan Curtis ya sani. Ya tsaya kashe lantarki. Hannuwansa biyu sun ƙone.

Talata, 18 ga Maris

An kira ni in dawo aiki. Ba haƙuri, ba komai. A sanarwarsu wai "'yar matsalar inji". 'Yar matsala! Stashek yana hango ni ya shige banɗaki. Zai fito ai.

Asibiti da yamma. An naɗe hannuwan har gwiwa, ni na riƙa ba shi ruwa. Ya ce, "Kar ki kalle ni haka, ba ke kika kunna ta ba." Na ce na sani. Laifinsu ne, su da tsofaffin gawarwakin injinansu. Kawai dai da na ce a nemi wani direban, ban tambayi wa za a nemo ba.

Juma'a, 21 ga Maris

An ba ni Lamba Tara. Lafiyarta lau, na shinshina ko'ina.

Da yamma suyar kifi a coci, don tara wa Curtis gudummawa. Na kai bakin ƙofa, iskar kicin ta buso. Na koma mota na zauna.

Na ce wa matarsa ciwon kai ne.