Ƙullin Bahago

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, kin ce in tattara kayana in dawo wurinki. Ba zan iya ba tukuna. Tun da Allah ya karɓi maigidana Bahago, kwamitin kurmi ya bar mini layin tarkunansa, ni ke zagayawa kowace safiya. Kin san aikin. Ɓeraye da muzurai ke cinye ƙwai da 'ya'yan 'yan fito, tsuntsayen nan masu sheƙa a ƙasa, mu kuma mu kama su a keji. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, sai a shekara ba a ji fiton ɗaya ba. Yanzu baƙi ke zuwa mota-mota don su saurare su, abin da suka biya a ƙofa shi ke sayen tarkuna.

Ina yi yadda ya koya mini. Sai na murza hannuna da ƙasa da ɗanyen ganye kafin in taɓa keji, don kada warin mutum ya tsaya. Ƙullin igiyar ƙofar ne kawai ya gagare ni. Shi da hagu yake yi, bakin igiyar ya kwanta baya. Nawa kullum gaba yake kallo.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Washegarin da aka kai shi, wani muzuru toka-toka ya zo ya hau kujerarsa ta bakin ƙofa. Ba ya kuka, ba ya roƙo. Ya zauna ya fuskanci kurmi, kamar yadda shi yake yi. In na miƙa masa kifi, da hagu yake jawowa. Na san an hana ajiye kyanwa a garin nan, Bahago ne ma ya kawo shawarar. Amma in yana kan kujerar, abinci yana wuce mini.

Ki gaishe da kowa. Taki,
Auta

*

Auta sarkin rigima,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, ke ce dai ciwon kaina.

Ke tun kina ƙarama kike hira da kaji, yanzu kin ci gaba, kin koma muzuru. Ya ga kujera babu mai ita, ga kifi a banza, don me ba zai zauna ba? Ko ni ce sai in zauna. Maganar hagu kuwa, ki duba da kyau, ƙila damarsa ce ta taka ƙaya.

Ƙanwata, ki ji ni. Mijinki yana makwancinsa, addu'a yake bukata, ba kifi ba. Ki kori abin nan kafin ya ja miki abin kunya a gari. Na fitar da keken ɗinki daga ƙaramin ɗaki, na share, na sa labule. Ki zo ki yi kukanki a inda akwai mai ce miki sannu.

Allah ya ba ki haƙuri. Mai ƙaunarki,
Yaya

*

Zuwa ga maiɗakin marigayi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da addu'ar Allah ya jiƙan ɗan'uwanmu.

Kwamiti ya umarce ni in sanar da ke cewa sheƙunan da ke kan layin marigayi sun zama wayam. Wata baƙuwa ta ɗauki hoton muzuru toka-toka da ɗan tsuntsu a baki, sawunsa kuma ya ɓace a bayan shingenki. Ba mu zargin kowa. An ajiye miki babban keji a ƙofar gida. In mako ya fita ba a kama shi ba, dole mu miƙa layin ga wani, ko da yake ba ma so. Ba zai kyautu a ce a layin wannan bawan Allah tsuntsayen suka ƙare ba.

Ki huta lafiya.
Shugaban kwamiti

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Na ga wasiƙarki, na yi dariya, na kuma yi kuka.

Gaskiyar kwamiti ce. Na ɗaga kujerar don in yi shara, sai ga gashin tsuntsu a ƙarƙashi, mai laushi, irin na waɗanda ba su fara tafiya ba. Kurmi ya yi tsit, Yaya. Jiya motar baƙi ta tsaya, suka kasa kunne har suka gaji, suka juya. Irin shirun nan na tarar da ina amarya, shi Bahago ya ƙarar da ƙarfinsa wurin kora.

Da yamma na murza hannu da ƙasa, na sa kifi a kejin. Muzurun na kan kujera yana kallona. Na ce masa, "In kai ne, Bahago, ba za ka ci su ba. In ba kai ba ne, wa ya koya maka tarinsa?" Don yana tari irin na Bahago, Yaya, sau biyu a jere, sannan ya ja numfashi.

Na kama igiyar zan ƙulla, hannuna ya ƙi. In suka tafi da shi ba ya dawowa, kujerar kuma ta sake zama itace. In na bar shi, sai su karɓe layin, 'yan fito su ƙare a hannuna. Na zare igiyar gaba ɗaya, na sauke ƙofar kejin, na shiga da igiyar ɗaki na rataye a ƙusan da hular Bahago take. Gobe mako ke cika.

Ki yi mini addu'a. Taki,
Auta

*

Yaya,

Ina kwana. Da fatan kin tashi lafiya.

Da na fito da safe, muzurun yana cikin kejin, a zaune, ya fuskanci kurmi. Bai taɓa kifin ba. Igiyar da na rataye a ɗaki tana jikin ƙofar, bakinta ya kwanta baya. A kan wayar kejin akwai ɗanyar ƙasa da ganyen da aka murza.

'Yan kwamiti sun zo sun tafi da shi. Shugaba ya ce na iya aiki.

Ki mayar da kekenki ɗakin, ba zan zo ba. Ɗazu na ji fito ɗaya can cikin kurmi. Da na je tarkon farko na ƙulla igiya, sai na ga bakinta ya kwanta baya. Na daɗe a tsugune ina kallon hannuwana, ban san da wanne na yi ba.

Sai mun ji juna. Taki,
Auta