Motar da Ta Tsaya Bayan Tawa

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Yau Alhaji Faruk ya tara mu a rumfar tasha ya ce ya gaji, zai koma gonarsa ta albasa a Augie, ƙungiya ta nemi wani shugaba. Kafin ya rufe baki kowa ya juya yana kallon Baba Hodi. A ƙungiyarmu ta direbobin Birnin Kebbi zuwa Argungu haka ake yi tun kafuwarta, wanda katinsa ya fi tsufa shi ne shugaba. Masu lamba ɗaya da biyu sun rasu, Alhaji ne mai uku, Baba Hodi mai huɗu. Ba a tambayar me mutum ya iya.

Wallahi ina son Baba Hodi. Amma ya haura saba'in, idonsa na hagu ya yi yana, takarda sai an karanta masa. Katina kuwa lamba ɗari biyu da sha biyu ne. In na ce zan jira layi, sai dai a naɗa ni a kabari.

Zan tsaya takara. Ga shi na rubuta, ba zan goge ba.

Talata, 3 ga Satumba

Na faɗa wa matata Jannatu tana tsinkar zogale. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Kofur Sirajo, kai da ka baro soja don an hana maka igiya ta ukku, yanzu tasha kaka son ci da yaƙi?" Matar nan ta san inda take dannawa.

Gaskiya ta faɗa. Shekara sha uku ina tuƙi ina gyaran motoci a bariki. Wani Ɗanmusa ya riga ni shiga soja da wata shida kacal, shi ke nan ya zama Saje, ni ina Kofur. Mutumin da bai san inda ake zuba man burki ba. Ni ke gyara, ni ke rubuta masa rahoto, shi ke sa hannu, ni kuma in ƙame in sara masa. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Na sha alwashin ba za a sake yi mini haka a ko'ina ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Mutum sha tara sun ce suna bayana. Sha tara, a kwana uku.

Asabar, 7 ga Satumba

Na kai sunana ofis. Sakatare ya juya tsarin mulki gaba da baya. An dai rubuta cewa mai tsohon kati ake gabatarwa, amma ba a rubuta cewa wani ba zai iya fitowa ba. Waɗanda suka tsara shi ko a mafarki ba su zaci za a samu marar kunya irina ba. An sa zaɓe ranar ashirin da takwas.

Zaɓenmu da mota ake yi. Ɗan takara ya ajiye motarsa a filin bayan tasha, duk mai son shi ya zo ya jera tasa a baya, sai a ƙirga. Sun ce a da yawancin direbobi ba su iya karatu ba, kuma mota ba ta shiga layi biyu. Ga sakatare da ma'aji ana yin layi biyu ko uku, amma ga shugaba layi ɗaya aka saba gani, a jera a yi ta danna hon a watse. Bana za su ga biyu.

Abin da zan yi in na hau ba shi da yawa. A rataya allo a rubuta layin lodi, kowa ya ga wanda ke gaba, a daina cewa wane ya girme ka, bar shi ya wuce. Kowace safiya a duba taya da burki kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya, kamar yadda muke yi a bariki. Sannan a cire maganar tsufan kati daga tsarin mulki kwata-kwata. Yaran tasha da na faɗa musu sai da suka ɗaga ni sama. Na ce su sauke ni, amma ban faɗa da ƙarfi ba.

Talata, 10 ga Satumba

Baba Hodi ya gaishe ni kamar kullum, har da tambayar jikin ɗiyata Ilham da ta yi zazzaɓi. Na so ya ɗaure fuska, da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na sauke fasinja a Argungu na biya wurin Kawu Tamba, wan mahaifiyata. Shi ma tsohon soja ne, yana Saje ya yi ritaya, yanzu ya koma kamun kifi. Na same shi a bakin gulbi yana ɗinkin koma. Na zuba masa komai, ina jiran ya sa mini albarka.

Ya bar ni na gama tukuna. Ya ce, "Kana tsammanin ba mu san akwai wawaye cikin manya ba? Mun sani sarai. Amma ran da wuta ta buɗe, babban ya hwaɗi, ba a tsayawa shawara. Kowa ya san wa ka biye, sai a bi shi."

Na ce Kawu, ko da zai kai mu rami?

"Wani sa'in shina kai ku. Amma tare kuka shiga, tare kuka hita."

Na ce ai tasha ba fagen daga ba ce. Dariya ya yi har zaren ya suɓuce masa. Ya ba ni tarwaɗa biyu in kai wa Jannatu, albarkar dai ban samu ba. Tsofaffin sojan nan duk ɗaya suke, igiyar ta shiga jininsu.

Laraba, 18 ga Satumba

Mutum talatin ke bayana yanzu. Na sayi allo da alli tun yanzu, na ɓoye a bayan kujerar mota.

Sai dai wani abu ya taso. Sama'ila na ɓangaren Argungu shi ma ya kai sunansa. Ya ce tunda ni ɗan Gwadangaji ta Birnin Kebbi na buɗe ƙofa, su ma suna da ƙafar shiga. To, ya shigo. Ai abin da nake faɗa ke nan, kowa ya fito a gwada. Sama'ila direba ne na ƙwarai, amma kamar ashana yake, ƙyas ya kama.

Asabar, 21 ga Satumba

Yau ba daɗi. Motocinmu shida sun dawo daga Argungu ba fasinja ko ɗaya, yaran Sama'ila sun hana su lodi. Da labari ya iso nan, nawa yaran suka rama a kan motocin Argungu biyu. An fasa madubi, an yaga wa ɗan kamasho riga. Na shiga tsakani da muryar fareti, sun tsaya, amma na ga ba don ni suka tsaya ba, gajiya suka yi.

Yanzu magana ta canza. Ba mai zancen allo ko taya. Na can suna cewa in ɗan Birnin Kebbi ya ci za su ɓalle su kafa tasu. Na nan suna cewa in Sama'ila ya ci haka za su yi. In aka rabu, kowace mota za ta riƙa dawowa wayam, kuma ni za a ce na jawo.

Jannatu ta ce in janye. Na ce ko kusa.

Talata, 24 ga Satumba

Da hantsi sai ga Baba Hodi da tsohuwar motarsa a ƙofar gidana. Wai burki na masa wasa, kuma ba ya yarda da hannun kowa sai nawa. Abokin takarata! Na shiga ƙarƙashi ina gyara, shi yana zaune a kan jarka yana cin goro.

Daga can ƙasa nake jin shi. Ya ce lokacin da za a kafa ƙungiyar, watanni aka yi ana rigima a kan garin da zai ba da shugaba, har aka karya wa wani hannu. Da aka gaji, sai aka ce kowa ya zo ya yanki kati, wanda ya riga shi ne gaba, ba ruwan kowa da garinsu. "Katin ga ba ya da gari," in ji shi. "Shi ya sa munka riƙe shi."

Na leƙo na ce Baba, amma kati ba ya duba taya. Ya ce ƙwarai kuwa, ba ya dubawa, bara ma da an duba da wata motar tasharmu ba ta kife da mata a hanyar Gulma ba. Bai musa mini komai ba. Na rasa da wa zan yi faɗa.

Burkin ya kama kamar sabo.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na wanke motata sau biyu. Na goge takalmi irin gogen bariki. In faɗi gaskiya ban taɓa jin ina raye haka ba tun da na ajiye kaki.

Asabar, 28 ga Satumba

Bari in rubuta tun yana da zafi.

Ƙarfe goma muka ajiye motoci uku a fili, tawa a tsakiya. Motoci suka yi ta shigowa, masu shayi da masu rake sun bar sana'a sun zo kallo. Da aka gama jerawa sakatare ya bi layi da biro. Sama'ila talatin da uku, ni talatin da ɗaya, Baba Hodi ashirin da biyu, duk tsofaffin garuruwan biyu. Yarana na gan su suna buɗe but ɗin motocinsu, kuma na san ba taya za su ciro ba. Na Sama'ila ma sun gani.

Kafin sakatare ya faɗi sakamako sai muka ji motar Baba Hodi ta tashi. Ya fita daga gaban layinsa, ya zagaya a hankali kamar mai koyon tuƙi, ya bi har ƙarshen layina, bai tsaya a can ba, ya dawo gaba ya yi wa na bayana hon ya matsa. Ya kutsa ya tsaya daf da ni, har ya ɗan daki bayan motata. Burkin nan ni na gyara shi, don haka ba laifin burki ba ne.

Wani ya ce tsoho ido ya ɓata, ya yi ɓatan layi. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Na ga inda nit tsaya."

Sai mai lamba bakwai ya tada tasa ya bi shi, sai mai tara, sai mai sha biyu. Wallahi bisa tsarin katinsu suka taho, ba wanda ya tsallake wani. Sha tara suka zo mini har da Baban, uku suka tafi wurin Sama'ila. Cikin waɗanda suka zo akwai iyayen gidan yaran Argungu, waɗanda suka koya musu riƙe sitiyari. Aka rufe but ɗaya bayan ɗaya. Sama'ila ya daɗe a tsaye, sannan ya tako ya ba ni hannu.

Na ci. Ni ne shugaba. Hon har kunnena ya toshe.

Da aka lafa na je na durƙusa gaban Baba ina godiya, na ce ya ga cancanta ya bi. Ya kama kafaɗata ya ce a hankali, "Sirajo, ba don ka hi kowa iyawa na ba. Sama'ila bai kasa ka ba ko kaɗan. Ubanka na Birnin Kebbi, uwakka ɗiyar Argungu ta. Kai ɗai na dut ɓangarorin biyu ka iya haɗiyewa."

Ban san ma ya san mahaifiyata ba. Ta rasu ina shekara tara.

Lahadi, 29 ga Satumba

Gida cike da 'yan taya murna. Jannatu na kirana Ranka ya daɗe tana dariya. Ina amsawa, amma maganar Baba ta jiya ta tsaya mini a rai. Wata guda ina ihun a duba iyawa, ƙarshe da gidan kakannina aka zaɓe ni. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Litinin, 7 ga Oktoba

Allo ya hau bango. Duban safe ya kama tayoyi huɗu da suka zama sanƙo a mako guda, ɗaya ta ma'aji ce, na hana shi lodi yana ta kumbura. A nan dai ina da gaskiya, kuma kowa ya gani.

Ranar Alhamis mutum biyu suka yi cacar baki a kan layi, ɗaya na nan ɗaya na Argungu. Allo ya nuna na nan ne gaba, na buɗe baki zan yanke. Sai Baba Hodi da ke wucewa ya raɗa mini cewa na Argungun matarsa na kwance asibiti, kuma su biyun ƙanwar wannan ke auren wan wancan. Na kira na nan gefe na yi masa magana biyu, da kansa ya janye motarsa. Ba wanda ya ɗaga murya.

Takardar cire maganar kati tana aljihuna tun ranar Talata. Sakatare ya tambaya sau biyu, na ce a bari mutane su huce tukuna.

Na sa an ɗauko bencin da Baba ke zama daga can bakin ƙofar tasha an kawo shi jikin tagar ofishina. Rana tana damun idonsa a can, nan kuwa akwai inuwa. Don haka ne kawai.