Rasuwar Dattijo Barnaba Sajo Kutama da Saƙon da Ya Bar wa Ɗansa

Cikin alhini mai nauyi, amma tare da godiya ga Allah Uba wanda ya ba mu aronsa har shekara saba'in da tara, Zumuntar Manoma Masihiyawa ta Gwarzo da Kabo ta samu labarin rasuwar ubanmu, ɗaya daga cikin mutum bakwai da suka kafa wannan zumunta, tsohon Mai Kula da Rumbun Iri kuma Dattijon Ikilisiya, Baba Barnaba Sajo Kutama, wanda ya huta cikin Ubangiji da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, a gidansa, bayan jinyar mako uku. A madadin Shugaban Zumunta, Rabaran Habila Ɗanjuma, da 'yan kwamiti da dukan membobinmu daga Kutama har Gammo, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Mama Marka, da 'ya'yansa Filibus da Hanatu da Saratu, da jikokinsa, da ikilisiyar da ya yi wa hidima, da Mai Girma Dagaci, da kuma maƙwabtansa Musulmi waɗanda suka riga mu isa gidan makoki.

Shekara ashirin da shida Baba Barnaba ya yi yana riƙe da rumbun irin zumunta, kuma duk wanda ya taɓa kai masa buhu ya san yadda ake ƙarewa da shi. Kafin ruwan shuka, sai ya ɗebi tafi guda daga kowane buhu, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa kwana huɗu. Wanda ya tsiro ya shiga rumbu, wanda ya ƙi kuwa ya koma gidan mai shi, ko da na Shugaba ne. Mai sa hannu a wannan takarda ma bai tsira ba, domin akwai shekarar da Baba ya mayar mini da buhun dawa a gaban jama'a, ya ce in kai wa kaji, in ma za su ci. Na koma gida ina cin magani, kafin la'asar sai ga shi da kansa a kan keke, ya kawo mini rabin nasa irin. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa jin manomi ya ce ya shuka irin rumbunmu ya ƙi fita ba.

Da yawanmu mun tashi ne da wa'azin da ke sa gaba ya faɗi in an ambaci ranar shari'a, har muka ɗauka cewa mai bi na ƙwarai shi ne wanda ya fi kowa fargaba. Baba Barnaba bai yarda da wannan ba. A ajin manya na ranar Lahadi yakan ce ɗan ƙodago yana noma ne yana leƙen idon mai gona, amma ɗan gida yana noma domin gonar ta ubansa ce, kuma tun da Yesu Almasihu ya ɗauke masa hukunci a kan gicciye, shi ɗan gida ne. Ba mu ce ba shi da laifi ba. Mutum ne mai saurin fushi, kuma in ya ɗaga murya a taro har na bakin hanya sai ya ji. Sai dai ba ya barin laifinsa ya kwana. Da ƙafarsa yake zuwa ƙofar wanda ya ɓata wa, babba ko ƙarami, ya roƙi gafara ba tare da kwana-kwana ba. Ya yi gaskiya ne don ƙaunar Ubangijin da ya riga ya karɓe shi, shi ya sa muka san shi da dariya fiye da yawancin dattawanmu.

Ba al'adar zumunta ba ce ta sa maganar cikin gida a takardar ta'aziyya. Muna yin haka ne bisa wasiyyar marigayin, da izinin Mama Marka. Shekara tara da suka wuce, rikicin iyaka ya tashi tsakanin babban ɗansa, Filibus, da maƙwabcinsu na gona, Malam Lukuman. Kamar yadda kowa ya sani, da gamba muke sa iyaka a ƙasarmu, kuma in gambar ta mutu, garmar shanu takan ci kunya guda a huɗar bana, ta ƙara wata baɗi, ba tare da mai huɗar ya lura ba. Da Dagaci ya kira Baba Barnaba a matsayin dattijon da ya san tsohuwar iyaka, wasunmu, kuma muna faɗa da kunya, sun ba shi shawara ya ce ya manta, tun da ɗansa ne kuma ɗan'uwa ne a ikilisiya. Bai manta ba. Ya ɗauki fartanya ya shiga gonar ɗansa, ya tono tsofaffin saiwoyin gambar a gaban kowa, aka ga kunya biyar ta Malam Lukuman ce. Filibus ya ji an tozarta shi a bainar jama'a, da aka gama girbi ya bar gari, kuma tun daga ranar magana ba ta ƙara haɗa shi da mahaifinsa ba. An ce an gan shi a Kaduna, daga baya aka ce Suleja, lambar wayar da ke hannun ƙannensa kuwa ta daina shiga.

Ranar Litinin da azahar, kwana guda kafin rasuwar, Rabaran Habila ya je duba shi, ya tarar da Malam Lukuman zaune a bakin gado, kamar yadda ya saba kullum tun da jinya ta fara. Rabaran ya tambayi Baba ko akwai abin da ke ba shi tsoro game da tsayawa a gaban Ubangiji. Baba ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce Ubangijin da zai je gabansa ai ya san shi tun da daɗewa, ba shi da abin ɓoyewa. Sannan ya ce abu ɗaya ne ya rage masa a duniya, kuma ba ya so Filibus ya rayu yana zaton mahaifinsa ya tafi da fushinsa. Ya sa Rabaran ya rubuta saƙo, Malam Lukuman da Mama Marka suna shaida, ya ce a kai shi duk inda takardar zumunta za ta kai.

Za a yi sujadar jana'iza ranar Asabar, 18 ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe, a majami'ar da marigayin ya yi dattijanci a Kutama. Mama Marka ce ta roƙa a jinkirta zuwa ranar, ko labari zai kai inda ake so ya kai. Don haka muna roƙon shugabannin ikilisiyoyi, da direbobi, da 'yan kasuwa, da duk wanda ya san inda Filibus Barnaba yake, Kirista ko Musulmi, ya yi wa Allah ya karanta masa wannan takarda. Muna addu'a Uban jinƙai ya ta'azantar da Mama Marka, ya ƙarfafa Hanatu da Saratu waɗanda suka yi jinya ba gajiya, ya ba dukan iyali haƙurin wannan babban rashi, mu kuma ya ba mu irin zuciyar da ba ta tsoron ranar da za a kira ta.

Ɗan'uwa Filibus, mahaifiyarka ta ce a faɗa maka ba wanda zai tambaye ka inda ka shiga. Ga kuma abin da mahaifinka ya sa aka rubuta, ba mu ƙara ba, ba mu rage ba: “Maganar iyaka gaskiya ce, ko yau aka kira ni ita zan faɗa. Amma da na kira ka ɗaki tukuna na faɗa maka, mu biyu, kafin in ɗauki fartanya. Wannan laifina ne, kuma na rasa ƙofar da zan zo in roƙe ka. Ka yafe mini, ɗana. Ka zo gida.”

Sa hannu:
Ishaya Altine Gammo
Sakataren Yaɗa Labarai
Zumuntar Manoma Masihiyawa ta Gwarzo da Kabo